Muryar Malam kan ɗakin da ake son mayarwa laburare

Assalamu alaikum warahmatullahi. Shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, barkanmu da warhaka. Ku yi mini haƙuri, muryar nan za ta yi tsawo, wanda yake kan abin hawa ya bari sai ya sauka.

Shugaba ne ya ce in sa baki a maganar ɗakin nan da Alhaji ya bai wa ƙungiya, Allah ya saka masa da alheri. Na bi duk abin da aka faɗa. Wasu sun ce a yi ɗakin karatu, wasu sun ce a yanka shi shaguna a zuba 'yan haya, kuɗi ya riƙa shiga asusu. Sai ƙanenmu ya jefo tambaya, ya ce yau da kowa ke yawo da waya a aljihu, me laburare zai tsinana wa mutum? Na ga wasu sun taso masa. Don Allah a ƙyale shi, tambayarsa tana kan hanya, kuma da yawa daga masu shiru abin da ke ransu ke nan. Ni dai aikin laburare na yi har na ajiye, to bari in faɗi abin da ido ya gani.

Ƙanena, ka ce kowa na da waya. Wane kowan? Ka shiga gidajen layinmu bayan isha'i ka duba. Babbar wayar tana hannun maigida ko babban yaya, shi kuma yana majalisa da abarsa. In ta dawo gida babu caji, in akwai caji babu data. Yarinyar da za ta rubuta NECO, ita wa ya saya mata? Ko an ara mata, minti nawa za ta yi kafin a ce kawo ana nema na? Sannan ka dubi inda za ta zauna. Ciki da falo, mutum takwas ko tara, an ɗauke wuta, jariri na kuka, ƙannenta na kokawa a kan tabarma, janareton maƙwabci na ruri. Tana buɗe littafi za a ce tashi ki ɗauraye kwanukan nan, je ki sayo magi. Kuma ba mugunta ba ce, a gidajenmu in uwa ta ga yarinya zaune, ɗauka take aiki take jira.

To ka ga tun kafin a zo kan littafi, laburare ya riga ya bai wa gidan nan tebur da kujera da fitila da shiru. Ɗan mai hali yana da su a gidan ubansa, shi ya sa bai san tsadarsu ba. Ɗan talaka kuwa in unguwa ba ta tanadar masa ba, babu inda zai samu. Na sha ganin yara su zo da littafinsu na makaranta a leda, ba su taɓa ko ɗaya a kan kantarmu ba, su zauna tun la'asar har magariba su tashi. Wasu abokan aiki kan yi ƙorafi, su ce waɗannan cin kujera kawai suke yi. Ni kuwa a wurina su ne suka fi kowa cin moriyar wurin. Akwai kuma abin da mu maza ba mu cika lura da shi ba. In yarinya ta ce ta tafi laburare, kuma an san mai tsaron wurin, hankalin uwarta a kwance yake. Ku faɗa mini, in an cire islamiyya da gidan biki, ina ne a unguwar nan budurwa za ta je ta zauna ba a yi da ita ba?

Sai littafin kansa. Duk mai yara a sakandare ya san yadda gabansa ke faɗuwa in an shiga sabon aji aka miƙo masa jerin littattafai. Mai 'ya'ya biyar ba zai iya ba, sai ya sayi na lissafi da na Turanci, sauran a ce Allah ya kawo. Amma kwafi uku na littafin kimiyya a kan kanta, in ana kula da su, aji guda za su karanta, na bayansu ma su zo su tarar. Kamar rijiyar unguwa ce, ba kowane gida ke iya haƙa tasa ba, amma in an haɗu an haƙa ɗaya, kowa ya sha.

Ga kuma JAMB. Tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaro ya yi karatu, ya haddace komai, ya shiga ɗakin jarrabawa, kuma ranar ce ya fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Kafin ya gama laluben inda zai danna lokaci ya ja, jikinsa na ɓari. Latsa waya daban, zama gaban kwamfuta ana ƙirga maka minti daban. Tsofaffin kwamfutoci biyu ko uku da 'yar sola, sun isa su cire wa yaranmu wannan fargabar.

Yanzu ga abin da na fi so ku ji. Waya tana amsa maka duk abin da ka tambaye ta, amma ba za ta ce maka amsar nan ƙarya ce ba. Kun tuna 2014, lokacin Ebola, da aka tashe mu da asuba ana cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha? Har masu digiri sun yi. An kwantar da mutane a asibiti, wasu ma sun rasa rayukansu. Ta waya labarin ya zo, kuma daga 'yan'uwa masu son mu da alheri. To aikin mai laburare ke nan, ya ce maka wa ya faɗa, a ina aka rubuta, zo mu duba tare. Yaron da ya saba jin waɗannan tambayoyi tun yana ƙarami, in ya girma ba kowane ƙanzon kurege zai haɗiye ba. Mu nan ma a wannan zauren, sau nawa Shugaba ya goge saƙon maganin da wai ke warkar da ciwo arba'in?

Kuma kada ku ɗauka ɗalibai kaɗai ke zuwa. Dattijo ɗan fansho zai shigo da takardar da aka aiko masa da Turanci, yana jin nauyin kai wa ɗan maƙwabci kada a san sirrinsa. Matar da mijinta ya rasu za ta zo a nuna mata yadda ake cike fom ɗin haƙƙinsa. Saurayi mai neman aiki zai zo duba jarida, daga nan a koya masa rubuta takardar neman aikin. Mai kiwon kaji zai zo yana neman abin da aka rubuta kan cutar da ke kashe masa 'yan tsaki. Duk waɗannan ba wanda zai ce maka shi makaranci ne. Matsala ce ta kawo shi, ya samu wanda ya saurare shi ba a ce kawo kuɗi ba.

Na ga wani kuma ya rubuta cewa laburare abin Nasara ne, mu ba mu gada ba. Haba ɗan'uwa. Lokacin da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, cikin kayan da aka ɗora wa raƙuma har da littattafansa. Ana gudun tsira da rai, amma ba a bar su a baya ba. A Timbuktu, Ahmad Baba, malamin nan da aka kama aka tafi da shi Maroko bayan sojojinta sun ci garin a 1591, ya ce littattafansa 1,600 ne, kuma a cikin danginsa nasa ne mafi ƙaranci. A Sakkwato Waziri Junaidu ya tara rubuce-rubucen magabata, har yau cibiyar tarihi ta can sunansa take amsawa. A zaurukan malamai na Kano da Zariya da Katsina, ɗalibi kan ari littafi ya kwafe da hannu ya mayar. Mun gada, sosai ma. Inda bambancin yake, a wancan tsarin sai kana almajirin malam ko an san gidanku za a miƙa maka. Na jama'a kuwa ƙofarsa a buɗe take, ɗan mahauci da ɗan hakimi, Musulmi da Kirista, ɗan gari da baƙon da ya kama haya jiya, ba mai tambayar ka ɗan wane ne.

Shi ma na zamanin ba yau ya shigo Arewa ba. A shekarun 1940, lokacin yaƙin duniya na biyu, Turawa suka sa En'e-En'e, wato hukumomin gargajiya na wancan lokacin, suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwa. Su dai burinsu a ji labarin yaƙi ta bakinsu, amma jama'a suka ci moriya. Ga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su kasa kunne. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, ana aika akwatunan littattafai larduna. A shekarun nan ne kuma aka yi Yaƙi da Jahilci, kuma akwai darasin da aka koya wanda har gobe yana aiki. Magidanci ya koyi karatu ya karɓi satifiket, in ya koma gida babu abin karantawa, ba a daɗe sai karatun ya gudu. Shi ya sa aka kafa hukuma a Zariya musamman don buga ƙananan littattafan Hausa masu araha. Yau ma haka ne. Yaron firamare da bai taɓa riƙe littafi ba sai allon aji, zai kai aji shida yana haɗa baƙi da ƙyar. Sai mu yi ta zagin malamai, alhali malami koyarwa ce tasa, gogewa sai yaro ya samu abin karantawa a wajen aji, wanda yake so don kansa.

Hajiyoyinmu, yanzu da ku nake. Masu cewa Bahaushe ba ya karatu ba su san cikin gida ba. Ku kun san shagunan hayar littafi na shekarun 1990, yadda ake aiken yaro ya karɓo na ɗaya ya mayar ya karɓo na biyu, littafi ya zaga gida biyar har bangonsa ya fita a ɗinke da zare. Yau an koma waya, har kuɗi mata ke biya su shiga rukunin marubuciya. To ƙishirwar tana nan. In za a yi ɗakin nan, a ware wa mata ranakunsu, mace ce za ta zauna a bakin ƙofa, in ba haka ba mazaje da yawa ba za su bari ba, mun san halinmu. A cika kanta da littattafan Hausa, na addini, na tarihi, na renon ciki da lafiyar yara, na girki da sana'a, har da na ajami saboda iyayenmu da ba su yi boko ba. Na san Baba Liman zai ce ban da na soyayya. Allah ya gafarta Malam, ni ra'ayina a tace, a zaɓi masu tsabta, amma kada a hana gaba ɗaya. Da yawa daga waɗanda na gani suna aron manyan littattafai, da labari suka fara. Kuma uwar da yaro ke gani da littafi a hannu ba ta buƙatar yi masa dogon wa'azi kan karatu. Ranar Asabar da hantsi a tara ƙananan yara, wata kaka ta yi musu tatsuniya, wata ɗalibar sakandare ta karanta musu labari mai hotuna. Awa ɗaya ce, uwa ta samu ta yi wanki cikin natsuwa.

To, na yabi abin, yanzu bari in ba ku tsoro, don masu cewa a yi shaguna ba wauta suka yi ba. Sun ga abin da ke faruwa ne. Mu gwanaye ne wajen yanka zare da ɗaukar hoto, bayan wata shida ka zo ka tarar da kwaɗo ya yi tsatsa. Ko babban ginin laburaren ƙasa da ke Abuja, tun 2006 aka fara shi, shekara da shekaru ana ta maganar kammalawa. Akwai wani attajirin ƙarfe a Amurka, Andrew Carnegie, ya ba da kuɗin gina laburare 2,509 tsakanin 1883 da 1929. Amma ba haka kawai yake bayarwa ba. Sai gari ya kawo fili, ya kuma ɗauki alkawarin duk shekara zai kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin wajen tafiyar da wurin, kuma shiga kyauta ce ga kowa. Mutumin ya san inda gizo ke saƙa. A Nijar ma, ƙananan ɗakunan karatun nan da ake kira CLAC, ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ce ke kawo littattafai, amma ɗaki da ma'aikaci wuyan gari ne. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke cikin zauren nan sun fi ni sanin yadda abin ke tafiya a can.

Abin da ke kashe laburare na san shi ɗaya bayan ɗaya, ba sai na kama sunan wuri ba. Babban su mai tsaro da ba a biya. A ce wane zai riƙa zama don Allah. Zai zauna wata biyu, ranar da ya samu abin yi ya tafi, kuma ba wanda zai ga laifinsa, yana da ciki. Sai lokacin buɗewa. A buɗe ƙarfe takwas na safe a rufe ƙarfe huɗu, daidai lokacin da yara ke makaranta, manya na kasuwa, sannan a ce ba a zuwa. Wa zai zo? Namu in za a yi, daga la'asar ne zuwa bayan isha'i, da Asabar da Lahadi, da lokacin hutu. Sai gara, wadda ba ka ganin ta sai ka ɗaga littafi ka ga ƙasa a hannunka. Kanta ta ƙarfe ake yi, a ɗaga ta daga ƙasa, a janye ta daga bango. Sai yoyon damina da ƙurar hunturu.

Akwai kuma wanda ba a son faɗa, wato littattafan sadaka. Da an ce an buɗe laburare sai kowa ya share ɗakinsa ya kawo. Tsofaffin littattafan da manhaja ta daɗe da wuce su, da na ƙasashen waje masu maganar noman da ba irin namu ba, a cika kanta dam, baƙo ya zo ya ce ma sha Allah, amma ba yaron da zai taɓa. Littafi ɗari biyu da ake rububinsu sun fi dubu biyar da ke tara ƙura. Kuma don Allah kada a kulle su a kabad saboda tsoron sata. Za a yi sata, za a yaga, wani zai ara ya yi tafiya da shi. A yi rajista, uba ko mai unguwa ya tsaya wa yaro, a sa ranar mayarwa, abin da ya ɓata a ɗauke shi cikin kuɗin tafiyarwa. Wanda ya tsufa a hannun yara ya yi aikinsa.

Ba kuma zan yi muku alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Laburare ba zai bai wa samarinmu aiki ba, ba zai gyara makarantar da ba malami ba, kuma wanda ya riga ya yi nisa a shaye-shaye ba kujera ce za ta dawo da shi ba. Amma ɗan shekara goma sha biyu da bai riga ya zaɓi majalisa ba, shi ana iya rigan lungu kama shi.

Saboda haka ga shawarata, Shugaba. Na je na ga ɗakin, yana da zurfi. A yanke gabansa a yi shago ɗaya mai fuskantar titi, a ba da haya, amma ba ga mai niƙa ko mai sayar da kaset da lasifika ba. Mai sayar da kayan rubutu ko mai ɗab'i da kwafi ya fi dacewa. Kuɗin hayar a rubuta a takarda, kowa ya sa hannu, cewa na alawus ɗin masu tsaro ne da gyaran sola, ba za a taɓa shi don gudummawar biki ko ta'aziyya ba. Bayan ɗakin kuma a fasa masa ƙofa ta lungu ya zama ɗakin karatu. Kada a sayi littafi ko ɗaya sai an samu mutum biyu, namiji da mace, waɗanda unguwa ta yarda da su, ni zan zauna da su in nuna musu rajista da yadda ake jera kanta. Akwai 'yan NCE a gidajenmu da ke zaune ba aiki. In abin ya kafu, nan gaba a yi tunanin akwati a bayan babur zuwa rugagen da ke bayanmu, don a Garissa ta Kenya tun 1996 suka fara kai wa makiyaya littafi a kan raƙumi. Amma wannan ba yanzu ba.

Ma'aji, don Allah ka bincika mana nawa ake ba da hayar shago irin wannan a bakin titin, da kuɗin kanta ta ƙarfe guda huɗu wajen masu walda. Hajiya shugabar mata, ki ji ta bakin matan layuka, waɗanne ranaku suka fi musu, kuma me suke so su tarar. Malaman makaranta da ke cikinmu ku rubuto littattafan da ake aiki da su bana, aji-aji. Ƙanena mai tambaya, kai kuma na ba ka aikin kwamfutocin, tunda ka fi mu sanin kansu, ka nemo mana farashin na hannu masu lafiya. Wanda ke da hali cikin 'yan kwamiti ya leƙa laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello a Kano kafin zama na gaba, ya je lokacin da jarrabawa ta matso, ya ga yadda ake neman kujera. Masu littattafai a gida kuma ku dakata tukuna, kada a fara kawowa sai an yi feshin gara an duba rufin. Wassalamu alaikum.